Lada da Yaɗuwar Sanin Noma a Adar-Dutsi-Majiya

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shirya taron ƙara wa juna sani a ƙasar nan, a Yamai ne ko a ƙauye, ya san tambayar da ake fara yi masa tun kafin a ji abin da za a koya: akwai kuɗin zama? Masu furoje suna kukan cewa kuɗin nan ya ɓata mutane, har ya kai manomi ba ya zuwa sauraron abin da zai amfani gonarsa sai an biya shi. Manoma kuma suna cewa wanda ya zo da mota yana cin albashi da kuɗin tafiya, don me su kaɗai za su bar aikinsu su zauna a banza? Nufin wannan ƙasida shi ne ta ɗauki wannan gardama ta mai da ita tambayar tarihi.

Yankin da za mu duba shi ne wanda ma'aikata suka sa wa suna Adar-Dutsi-Majiya, wato ƙasar duwatsu da kwaruruka ta jahar Tawa, musamman Keita da Buza da Madawa. Mun zaɓe shi ne domin babu inda aka gwada hanyoyin jawo talakawa cikin aikin raya ƙasa iri-iri kamar nan: an gwada sa kai ba lada, an gwada abinci a bakin aiki, an gwada kuɗi. Abin da muke son nunawa shi ne lada yana tara mutane, wannan ba shakka, amma ko sanin da aka koya zai wuce daga wanda ya halarta zuwa maƙwabcinsa, wannan ya danganta ne ga wanda ya biya ladan, da abin da aka biya dominsa, da kuma wanda zai mallaki amfanin aikin.

2. Kafin zuwan furoje

Ya kamata mu fara kawar da wani zato da ya yawaita cikin rahotannin masu ba da agaji, cewa wai a da can sani kyauta yake yawo a ƙauye, sai kuɗin Turawa ya zo ya lalata wannan hali. Al'adar Hausa ba ta goyi bayan wannan zato ba. Almajiri yana kai kuɗin Laraba, yana noma gonar malaminsa, iyayensa kuma suna yin sadaka ranar sauka. Mai neman taimakon malami yana ajiye kafin alƙalami. Wanda ya kawo kyauta ko albishir ana ba shi tukuici. Sanin ƙira kuwa, wanda Nicole Echard ta daɗe tana nazarinsa a Adar, gado ne na wasu gidaje, yana da asirinsa, ba a shimfiɗa shi a dandali. Littafin Guy Nicolas na 1986 kan kyauta da ciniki a ƙasar Maraɗi ya nuna yadda ba da abu da mayar da shi suke ɗaure zumunci da girma. Ke nan biyan mai sani ba baƙon abu ba ne. Abin lura shi ne a duk misalan nan mai koyo ne yake biya, biyan kuma yana ƙulla dangantaka mai ɗorewa tsakaninsa da mai koyarwa.

Sanin noma ya ɗan bambanta, don gona ba ta ɓoyuwa. Mai wucewa kasuwa yana ganin hatsin gonar bakin hanya, ya tsaya ya tambaya. Ɗan ci-rani yana dawowa da iri a aljihu. Manoman Adar sun san jera duwatsu a gangare don tsai da ruwa da ƙasa tun kafin wani injiniya ya auna musu layi. Gayya ma makaranta ce, ko da ba a kira ta haka ba: mai gona yana ciyar da waɗanda suka zo, yaro yana kallon yadda manya suke riƙe hauya, gobe kuma a tafi gonar wani.

Sai dai akwai wani aikin taro da mutane ba su manta ba, shi ne aikin tilas na zamanin Nasara, na gyaran hanya da ɗaukar kaya, wanda ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Saboda haka duk lokacin da hukuma ta kira mutane aiki, suna da ma'auni biyu a ka. In an ci abinci kuma amfanin na wani ɗan gari ne, gayya ce. In ba a ba da komai ba kuma umurnin daga sama ya zo, to sun san sunan wannan.

3. Sa kai ba lada: zamanin animasiyo

Gwamnatin Diori Hamani ta ɗauki hanyar farko. A farkon shekarun 1960, da taimakon cibiyar IRAM ta Faransa, aka kafa aikin wayar da kan karkara (animation rurale), aka fara a wajen Matamai da Maraɗi kafin a faɗaɗa. Tsarin shi ne kowane gari ya zaɓi ƴan mutane, a kai su horo na ƴan kwanaki, su dawo su watsa abin da suka ji. Da gangan aka ƙi biyansu, bisa hujjar cewa in an biya su za su zama ma'aikatan gwamnati, gari ya daina jin maganarsu a matsayin ƴan'uwa. A wannan zamani ne kuma aka kafa UNCC da ƙungiyar radiyo-kulob, duka a 1962, daga baya aka ƙara masu ba da agajin farko da ungozomomi a bisa wannan ƙa'ida ta sa kai.

Hujjar tana da kyau a takarda. Amma binciken Robert Charlick a Matamai, wanda ya kammala a 1974, ya nuna cewa sau da yawa waɗanda aka tura barorin masu gari ne ko ƴan gidansu, kuma mutane suna shiga ne da begen samun wata alfarma daga hukuma. Ba abin mamaki ba ne. Magidancin da ake jin maganarsa a sha'anin noma ba shi da kwanakin da zai zubar kyauta, sai a tura wanda rashinsa ba zai rage komai ba. Da Seyni Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974, sai aka farfaɗo da samariya, aka gina azuzuwa da yawa da hannun matasa. Samariya ta iya tara mutane, amma da ganga da umurnin sufurefe take tara su, kuma abin da ta fi gwaninta a kai shi ne gini da tarbar baƙi.

4. Majiya: itatuwan wa?

A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, iskar rani tana kwashe ƙasar gona, ta farkon damina kuma tana binne shuka. A 1974 wani ma'aikacin gandun daji, Daouda Adamou, tare da wani ɗan sa kai Ba'amurke, suka nemi taimakon CARE, a 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a wajen Garadume: layi biyu-biyu, tsakanin shinge da shinge kimanin mita 100. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon shingayen ya haura kilomita 400. Awon da Els Bognetteau-Verlinden ta yi, wanda ya fito a 1980, ya sami ƙarin amfanin hatsi na wajen kashi 23 cikin 100 a gonakin da ke bayan shinge, awon da aka yi daga baya kuma ya ba da ƙasa da haka.

An yi amfani da abinci a bakin aiki, an kuma ɗauki masu gadi da albashi don su hana dabbobi cin dashen. Aikin ya yi kyau, har ya zama abin nuna wa baƙi. Amma layin shinge ma'aikaci ne yake ja, yana ratsa gonakin mutane da yawa, dokar daji ta 1974 kuma ta bar ikon itace a hannun ma'aikatan gandun daji. Binciken da CARE ta sa aka yi a tsakiyar shekarun 1980 ya tarar da yawancin manoma suna ɗaukar itatuwan na hukuma ne. Makiyaya da mata masu awaki su suka ɗauki nauyin hana kiwo. Sai da aka fara sassabe rassa ana raba itacen ko ana sayarwa, sannan maganar ta fara canzawa. Ga darasin da ya shafi batunmu: mutum ba ya tashi takanas ya koya wa ɗan'uwansa yadda ake renon itacen da shi kansa za a ci shi tara in ya sare shi.

5. Keita

Keita ita ce babbar shaida, ita ce kuma ta fi wuyar hukunci. Furojen raya karkara na Keita ya fara aiki a 1984, da kuɗin Italiya, FAO tana gudanarwa, PAM tana ba da abinci, Renato Carucci kuma shi ne babban mashawarcinsa na shekaru masu yawa. Shekarar kanta tana da muhimmanci. A Mayun 1984 aka yi taron ƙasa na Maraɗi kan yaƙi da hamada. Daminar ta ƙi, aka shiga yunwar da mutane da yawa suke kira El-Buhari, iyakar Najeriya kuma tana rufe tun Afrilu. Maza sun watse neman abinci. Waɗanda suka rage a gari, mata da tsofaffi da yara, su ne suka fito bakin aiki, shi ya sa a shekarun farko mata ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba.

Wanda bai ga irin wannan shekara ba ya yi hattara kafin ya soki abincin PAM. Mudun hatsi da ɗan mai da mace take samu a kowace ranar aiki shi ya hana garuruwa da dama tashi. A nan abinci bai kashe niyyar kowa ba, don wadda ba ta ci ba ba ta da ƙarfin ɗaukar dutse, balle ta saurari bayani.

Aikin da aka yi kuwa mai yawa ne. A kan fako da tudu, tarakta tana fasa ƙasa ta tayar da kunya, mutane su lulluɓe ta da dutse. A jikin duwatsu an haƙa ramuka masu tsawon kamar mita 3, kowane da itacensa. A cikin ƙoramu an ɗaura ragar waya cike da duwatsu don rage gudun ruwa, an gina madatsai, an tsai da tudun rairayi. Daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa Buza da Abalak. Ƙididdigar da masu bincike na Italiya da Nijar suka fitar ta nuna cewa daga 1984 zuwa farkon shekarun 2000 an farfaɗo da hekta wajen 34.000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an kuma biya ranakun aiki kusan miliyan 12 da abinci. Wanda ya bi hanyar Tamaske zuwa Keita ya ga itatuwa a inda dā dutse ne tsirara.

To, ina sani ya tafi? A nan dole mu raba abu biyu. Akwai sanin da ya zauna a hannun mutane: yadda ake jera dutse ya tsaya, yadda ake ɗaure raga, yadda ake renon dashe, yadda ake shugabantar rukunin ma'aikata, har mata sun riƙe wannan matsayi, abin da ba a saba gani ba. Wannan riba ce ta gaske, kuma lada ne ya kawo ta, don ba don abincin ba da waɗannan mata ba su taɓa tsayawa a wurin ba. Akwai kuma tsarin aikin gaba ɗayansa, wanda ya dogara ga tarakta da babbar mota mai kwaso dutse da mai awo da na'urarsa. Wannan ba abin da manomi zai gani a gonar maƙwabci ya je ya kwaikwaya ba ne. Ko da ya so, ba shi da kayan.

Abu na biyu ya fi wannan laushi. Idan aka biya mutum ranar aiki, abin da ake ƙirgawa shi ne zuwansa da yawan mitocin da ya yi. Babu wanda yake ƙirga ko ya fahimci dalilin da ya sa kunyar ta bi wannan layi ba wancan ba, ko ya gaya wa wani. Sannan kunyar da aka biya shi ya gina, in ruwa ya fasa ta, yana da hujja ya jira a sake biyansa ya gyara, tunda a idonsa aikin na mai biya ne. Garin da furoje bai kai ba kuma yana da hujjar ƙin fara komai da kansa, kada a zo a tarar ya gama a wuce shi. Wannan ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma lissafin daidai yake. Roland Bunch ya yi irin wannan gargaɗi tun 1982 daga abin da ya gani a Amurka ta Tsakiya. A ganina laifin da za a ɗora wa Keita, in laifi ne, shi ne abin da aka tsara don shekarar yunwa ya zama ƙa'idar aiki ta kusan shekara ashirin.

6. Abin da ya faru a maƙwabta

Don a gane wannan sosai sai mu leƙa yamma kaɗan, zuwa Illela, inda ƙasa da mutane suka yi kama da na Keita. Wani furoje na FIDA da ke aiki a wajen Badagishiri ya kai manoma 13 yawon gani da ido a Yatenga ta Burkina Faso a 1989. A can suka ga zai, wato ramukan shuka da ake zuba wa taki, waɗanda manoma irin su Yacouba Sawadogo suka inganta. Da suka dawo sai wasu suka gwada a ƴan hektoci, suka kira shi tassa, sunan da aka riga aka sani. Daminar 1990 ta yi ƙaranci, gonakin tassa ne suka ba da hatsi inda na kewaye suka ƙone. A shekarar an yi wajen hekta 70, kafin tsakiyar shekarun 1990 ana maganar dubbai.

Wannan furoje bai ɗora aikinsa kan rabon abinci ba. Amma kuskure ne a ce kuɗi bai shiga ba. Abdou Hassane da Pierre Martin da Chris Reij sun nuna a rahotonsu na 2000 cewa kasuwa biyu ta buɗe: mutane suka fara sayen fako, wanda dā ba mai so, farashinsa ya tashi, samari kuma suka ƙware a haƙar tassa ana ɗaukarsu ƙodago. Ɗan ƙodagon da ya haƙa a gonar wani ya koma ya haƙa a ta ubansa, ko ya kai sana'ar wani gari. Kuɗin nan daga aljihun manomi yake fita, don haka mai biya yana tsaye yana duba zurfin rami, yana kuma tambaya. Mun koma ke nan ga tsohuwar ƙa'idar da muka gani a sashe na biyu, mai koyo ne yake biya.

Maraɗi ta ba da shaida mai fuska biyu. A yunwar 1984 shirin SIM da Tony Rinaudo yake ciki ya sa barin tsiron kututture a gona ya zama sharaɗin samun abinci, a garuruwa kusan ɗari. An bar itatuwa wajen 500.000. Da rabon ya ƙare, aka sare kimanin kashi biyu cikin uku. Mai sukar lada zai tsaya nan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga itacen girki da abincin dabbobi, hatsi kuma bai ragu ba, daga gare su ne sassaben zamani ya bazu baki da baki, har hotunan sama na shekarun 2000 suka nuna wajen hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Abincin ya sayi gwaji na shekara guda, wanda da ba a yi ba. Abin da ya riƙe sauran shi ne sassaucin ikon ma'aikatan daji a kan itacen gona, wanda dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka zo suka ƙarfafa.

A Maraɗin ne kuma CARE ta fara Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da ya iso jahar Tawa daga baya. Da ƙungiyoyin suka yi yawa, sai aka horar da wasu mata na gari su riƙa koya wa sababbin ƙungiyoyi, ƙungiyar da ake koya wa ita take biyan mai koyarwa daga asusunta.

7. Abin da gwaje-gwajen baya-bayan nan suka ƙara

Masana tattalin arziki sun daɗe da wannan muhawara, tun littafin Richard Titmuss na 1970 da ya ce biyan masu ba da jini yana iya korar masu bayarwa don Allah. Gwaji biyu sun shafe mu kai tsaye. A jahar Damagaram, Jenny Aker da Kelsey Jack sun gwada koyar da haƙar rabin-wata a garuruwa 180 daga 2018. Horon kaɗai ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 na manoman suka haƙa, ƙarin kuɗin da aka ba wasu kuwa bai ƙara yawan masu ɗauka ba. A Malawi kuma Ariel BenYishay da Mushfiq Mobarak, a aikinsu da ya fito a 2019, sun tarar cewa manomin da aka ɗora wa koya wa ƴan'uwansa shuka a rami ba ya yin wani abin kirki in ba a sa masa komai ba, amma in an yi masa alkawarin ɗan tukuici gwargwadon yadda maƙwabtansa suka koya, sai ya gwada a gonarsa, ya kuma yi bayani. Sakamakon biyu ba su saɓa wa juna ba. Na farko ya ce ba sai an biya mutum ya karɓi sanin da zai amfane shi ba. Na biyu ya ce koyarwa aiki ce mai cin lokaci, wanda animasiyo ta ƙi yarda da shi a shekarun 1960.

Kuɗin zama na tarurrukanmu bai faɗa ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ba mai koyarwa ake biya ba, ba kuma sakamako ake biya ba, zaman kujera ake biya. Shi ya sa mai gari yake tura nasa, fuskokin da aka gani a horon kiwon kaji su ne a horon tsabtar rijiya, abin da Olivier de Sardan da abokan aikinsa suka bayyana a nazarinsu na dillalan ci-gaba. Mu malaman jami'a ba mu da bakin yi wa manomi dariya a nan, don mun san yadda ake cika takardar halarta a ranar rufe taro.

Ga ɗaliban da ke neman batun bincike, akwai aikin da ke jira a yankin. Adadin ranaku miliyan 12 na Keita ya fito ne daga kiran suna a bakin aiki, wato tarihin halarta. Tarihin sani kuwa sai an bi shi kamar yadda malamai suke bin salsalar karatu, wa ya koya wa wa. A fara da masu ɗaure ragar dutse da masu renon dashe a Tamaske da Ibohaman da Garhanga, da manoman albasa na kwarin Tarka a Madawa, a tambayi kowane a ina hannunsa ya fara, wa ya tsaya a kansa, me ya ba shi, shi kuma wa ya koya wa. Matan da suka ɗauki dutse a 1984 suna da shekara ashirin, yau sun haura sittin.